Tarihin Lezar Sinadarai da Auna Saurin Haɗuwarsu

Masana sun daɗe da iya auna lokacin da sinadarai biyu ke ɗauka kafin su haɗu su rikiɗe zuwa wani abu dabam, amma har tsakiyar ƙarni na 20 ba su san inda ƙarfin da haɗuwar ke saki yake fara shiga ba, kafin ya watse ya zama zafi. A 1958, a Jami'ar Toronto ta Kanada, John Polanyi da J. K. Cashion suka gano cewa idan ƙwayoyin zarra na haidurojin suka gamu da iskar kilorin, sababbin ƙwayoyin da ake samu suna fitowa ne cikin karkarwa, suna kuma ba da raunannen hasken infurared, wato hasken da ido ba ya gani amma fata take jin ɗuminsa. Dabarar karanta haske ba baƙuwa ba ce ga maƙeri, wanda launin ƙarfe a wuta ke shaida masa lokacin bugu, sai dai a nan na'ura ce take kallon.

Polanyi ya yi hasashe a 1961 cewa wannan karkarwar za ta iya kunna leza, na'urar da ke kai haske da komowa tsakanin madubai biyu har ya ƙarfafa ya fita a siririn layi, kuma a 1965 Jerome Kasper da George Pimentel suka tabbatar da hakan a Berkeley ta Amurka. Da yake leza ba ta kamawa sai ƙwayoyin da ke babban matakin karkarwa sun rinjayi na ƙasa da su, lokacin da hasken ya fito da irinsa sukan tona saurin da ake cika kowane mataki. Daga nan aka riƙa rubuta lissafin kowane mataki a kwamfuta, ana gyara alƙaluman sauri har hasken lissafi ya dace da wanda aka auna, ko da yake hanyar tana da rauni, domin alƙaluma mabambanta kan iya ba da amsa ɗaya. Binciken haɗuwar fulorin da haidurojin ya nuna cewa kusan kashi biyu bisa uku na ƙarfin yana shiga karkarwa.

Sojojin Amurka suka karkatar da aikin zuwa makami, har suka gina lezar MIRACL da ta fara aiki a 1980. Polanyi kuwa ya raba kyautar Nobel ta 1986 da Dudley Herschbach da Yuan Lee.