Biki da Mulkin Allah: tarihin wata fahimta ta Kirista a ƙasashen Adar da Gobir

Gabatarwa

A ƙasar Adar, tun daga birnin Tawa har garuruwa irin su Bambeye da Illela, kalmar biki tana ɗauke da nauyin da ya wuce taron ci da sha. Biki shi ne ranar aure ko suna, shi ne kuma gudummawar da ƙawa take kai wa ƙawarta a wannan rana, wadda za a riƙe lissafinta a mayar mata, sau da yawa har da ninki, idan nata ya taso. Masanin nan Bafaranshe Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana nazarin rayuwar Hausawan kwarin Maraɗi, ya nuna cewa wannan musayar kyauta tana cikin ginshiƙan da zaman jama'a ya dogara a kansu. Da wannan kalma mai nauyi Kiristocin ƙasar Hausa suke karanta ɗaya daga cikin manyan siffofin da addininsu ya ba Mulkin Allah, wato babban bikin da aka gayyaci kowa. Tarihin shigowar wannan siffa cikin Hausa, da gardamar da ta haifar a kan kiɗa da rawa, wani yanki ne na tarihin al'adun Nijar da ba a cika waiwayarsa ba, ko da yake Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen ƙasar ba a ƙidayar 2012.

Asalin siffar

Siffanta mulkin Allah da liyafa ya girmi addinin Kirista kansa. A littafin Maimaitawar Shari'a, sura ta 14, an umurci Bani Isra'ila su ware ushirin amfanin gonarsu, su kai wurin ibada, su ci su yi murna tare da iyalinsu. A kowace shekara ta uku kuma a tara shi a gari domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa. Annabi Ishaya, a sura ta 25, ya yi maganar wata liyafa da Ubangiji zai shirya wa dukan al'ummai a kan dutse, ranar da za a kawar da mutuwa a share hawaye.

A cikin Linjila siffar ta ƙara fitowa fili. Yahaya ya ba da labarin cewa mu'ujizar farko da Yesu Almasihu ya yi, a wurin bikin aure ya yi ta, a garin Kana ta ƙasar Galili. Luka, a sura ta 14, ya kawo misalin mutumin da ya shirya babbar liyafa, waɗanda ya gayyata suka kawo uzuri: wannan ya sayi gona, wancan ya sayi shanun noma, na uku kuma ya yi sabon aure. Maigidan ya aiki baransa ya tattaro matalauta da guragu da makafi daga lungunan gari, da aka ga wuri bai cika ba ya sake aikensa kan hanyoyin bayan gari. A sura ta 15 kuma akwai uban da ya yanka kiwataccen maraƙi saboda dawowar ɗansa da ya salwantar da gadonsa, har wan ya jiyo kiɗa da rawa tun daga nesa ya ƙi shiga gida. Littafin ƙarshe, Wahayin Yahaya, ya kwatanta ƙarshen zamani da bikin aure. A zamanin nan wani mai wa'azi kuma masanin zaman jama'a ɗan Amurka, Tony Campolo, ya sake farfaɗo da wannan tunani a wani littafi da ya fitar a 1990.

Ga manomin Adar, uzurin gona da na shanu da na amarya ba baƙon abu ba ne. Abin da yake baƙo shi ne gargaɗin da ya zo gab da misalin, inda Yesu ya ce wa mai masaukinsa kada ya gayyaci waɗanda za su iya rama masa, ya nemi waɗanda ba su da abin sākawa. A inda biki yake bashi ne da ake bi, wannan magana tana taɓa tushen lissafin kansa. Makwabci Musulmi ma yana da abin da zai gane a nan, domin akwai hadisin da ya aibata walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta, kuma a Suratul Ma'ida almajiran Annabi Isa sun roƙi a saukar musu da abinci daga sama, shi kuma ya roƙi Allah ya zama idi ga na farkonsu da na ƙarshensu. Addinan biyu sun saɓa a kan matsayin Isa, amma dukansu sun haɗa sunansa da kabakin abinci.

Yadda saƙon ya sami bakin Hausa

Nijar tana da hannu a fassarar farko. Dorugu, yaron da aka kama bawa daga yankin Kance a ƙasar Damagaram, ya bi matafiyi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855, inda ya zauna da ɗan mishan James Frederick Schön yana ba shi labarai da kalmomi. Schön ya fitar da Linjilar Matiyu da Hausa a 1857, Sabon Alkawari kuma ya kammalu a 1880. Bayansa likita Walter Miller, wanda ya iso ƙasar Hausa a 1900 ya zauna a Zariya, ya jagoranci aikin da ya kai ga buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya a 1932. An sake sabuwar fassara a ƙarshen shekarun 1970. Tun da nassin ya shiga Hausa, sai mai karatu ya riƙa ganin liyafar Linjila da idon gidan biki na garinsu, da tabarmi da akusa da maroƙa a bakin zaure.

Ƙungiyar da ta kai wannan littafi arewacin iyaka ita ce SIM, wadda Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent suka fara a 1893. Ta buɗe tasharta ta farko a Nijar a Zindar a 1924, sa'an nan a ƙarshen shekarun 1920 ta zauna a Tsibiri, mazaunin Sarkin Gobir. Hukumar mulkin mallaka ta Faransa ba ta sake jiki da waɗannan masu jin Ingilishi ba, kuma dokar 1922 ta wajabta koyarwa da Faransanci a makarantu masu zaman kansu. Wannan ya sa aikin mishan ya fi karkata ga wa'azi da karatun Littafi cikin Hausa, da kuma magani. A 1950 likita Burt Long ya buɗe asibitin Galmi, a kan babbar hanya tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa, cikin jihar Tawa ta yau. A tsakiyar shekarun 1950 aka ƙara da asibitin kutare na Danja kusa da Maraɗi. Ga mutanen arewacin Adar, hanyar Galmi da hanyar ci-rani zuwa Abijan da biranen Nijeriya su ne manyan ƙofofin da suka san Kiristoci ta cikinsu.

Gardamar ganga

A nan tarihin ya ƙulla wani ƙulli. Turawan mishan na farko sun zo da littafin da ke cike da liyafa, amma sun zo da ɗabi'ar ibada ta majami'un Amurka da Kanada da Ingila na zamaninsu, masu ƙyamar giya da rawa. Sun kuma tarar da ƙasar da kiɗa yake da ma'anoni masu ƙarfi. A Adar da Gobir garaya da goge da ƙwarya kayan kiran iskoki ne a wasan bori, wanda Nicole Echard ta yi dogon bincike a kansa a Adar. Giya tana cikin tsafin Azna. Kalangu da kirarin maroƙa kuma suna tafe da kashe dukiya don neman suna. Don haka suka nisanta sababbin masu bi daga ganga da rawa, suka ba su waƙoƙin Turai da aka juya zuwa Hausa, ana rera su da karin da ba ya bin hawa da saukar muryar harshen.

Masu wannan ra'ayi suna da hujjarsu daga nassi, domin Bulus ya rubuta wa Romawa, a sura ta 14, cewa ba a ci da sha mulkin Allah yake ba, yana cikin adalci da salama da farin ciki na ruhu. Akwai kuma dalili na zaman tare: malaman Musulunci sun daɗe suna sukar bori da wasu kaɗe-kaɗe, ƙaramar jama'ar da ke son a ɗauke ta ta masu tsoron Allah ba ta so a ga ta yi kama da ƴan bori. Sai dai abin ya yi tsada. Wanda ya tuba ya riga ya rasa wurinsa a bukukuwan dangi. Idan sabuwar jama'arsa ma ba ta da biki, ya tashi a tutar babu. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, ƙafar kuwa gidan biki da gidan makoki take zuwa. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, a littafinta na 2006 kan Kiristocin Maraɗi, ta bi diddigin irin wannan saɓani tsakanin mishan da Hausawan da suka karɓi addinin, a kan aure da dukiya da ikon tafiyar da ikilisiya.

Dawowar kiɗa

Ragamar ta fara komawa hannun ƴan ƙasa da kafuwar ECWA a Nijeriya a 1954, da kuma Ikilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, EERN, a farkon shekarun 1960. Mata suna cikin waɗanda suka fi sauya sautin majami'a. Ƙungiyoyin Zumuntar Mata, da suka yi ƙarfi a majami'un arewacin Nijeriya masu amfani da Hausa, sun riƙa tsara waƙoƙinsu da salon jagora da ƴan amshi, suna kaɗa tulu da caki, suna sanye da zane iri ɗaya kamar yadda ƙawayen amarya suke yin anko. Abin da suka sani daga tsakar gida da gidan biki suka shigo da shi, suka ɗora masa labaran Linjila. Su ne kuma masu girki da gudummawa idan ɗaya ta haihu ko ta aurar, ta haka ikilisiya ta sami irin nata biki.

Katolika sun bi wata hanyar. Mishan ɗinsu ya fara a Yamai a 1931, ya kuma bazu zuwa garuruwa irin su Zindar da Dogon Dutsi da Maraɗi da Tawa, inda yawancin masu ibada ma'aikata da ƴan kasuwa ne daga Benin da Togo da Burkina Faso. Babban taron Batikan na biyu, a takardarsa ta 1963 kan ibada, ya buɗe ƙofa ga harsunan gida da kiɗan gargajiya, daga nan ganga ta shiga hidima da izinin hukumar ikilisiya. A 2001 aka kafa dayosis ta Maraɗi, wadda jihar Tawa take ƙarƙashinta, Ambroise Ouédraogo ne bishop ɗinta na farko. Daga shekarun 1990 kuma, bayan taron ƙasa na 1991 ya sassauta kafa ƙungiyoyi, majami'un Fentikos suka yawaita da amsa-kuwwa da jita da rawa a fili.

Murna a ƙasar fari

Alkawarin liyafa yana da wani ɗanɗano a ƙasar da ta sha yunwar 1973 zuwa 1974, da ta 1984 zuwa 1985, da matsalar abinci ta 2005 wadda Tawa da Maraɗi suke cikin jihohin da ta fi gallaba. Mai sauraron da ya taɓa ganin rumbu fayau ba ya jin maganar ƙoshi kamar ado. Shi ya sa ranar godiyar kaka, lokacin da masu bi suke kawo damman hatsi da wake da kaji majami'a, take da daraja, tana kuma tuna wa mutum ushirin nan na Maimaitawar Shari'a.

Murnar fili ta kuma gamu da gwaji. A watan Nuwamba na 2000, a tarzomar nuna ƙin bikin nunin tufafi na FIMA, an kai wa majami'ar Vie Abondante hari a Maraɗi. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo, an ƙone majami'u da dama a Zindar da Yamai, mutane goma suka rasa rayukansu. A cikin wannan tashin hankali an sami Musulmin da suka ɓoye makwabtansu Kiristoci a gidajensu. Duk da haka Kirsimeti da Litinin ɗin Ista suna cikin ranakun hutu na ƙasa, kuma a unguwannin da ake zaman cuɗanya kwanon abinci yakan tsallaka katanga ranar Nowel kamar yadda naman layya yake tsallakawa ranar babbar salla.

Kammalawa

Cikin ƙasa da ƙarni ɗaya, daga tashar Zindar ta 1924 zuwa gobarar 2015, fahimtar Mulkin Allah a matsayin biki ta ratsa matakai uku a ƙasar Hausa ta Nijar: an fassara ta a takarda, an tsare ta daga ganga, sa'an nan masu bi, musamman mata, suka ba ta sautin gida. Tambayar da misalin Luka ya tayar tana nan a gaban malamai da ƙungiyoyin raya al'adu na Adar, ko da wane addini suke bi, a lokacin da tsadar aure da suna take hana matasa da yawa zama a gida, tana tura su ci-rani. Karin magana ya ce bikin farar kaza, balbela ba sai an gayyace ta ba, wato mai kama da kai yana da wurinsa tun kafin a kira shi. Maigidan da ke cikin misalin ya aiki baransa ne neman waɗanda ba su yi kama da shi ba, waɗanda kuma ba za su taɓa mayar masa da biki ba.