Daga Jiki Magayi zuwa infoma: ina marubutanmu suka tsaya?

Jama'a, masu cewa labarin da ke hana mutum barci sai na Turawa irin su James Hadley Chase, ku zo mu ɗan waiwayi tarihi.

A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai. Daga wannan yunƙuri aka samu Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar da Idon Matambayi, sai Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Yawancinsu yawon duniya ne da jarumta da abin al'ajabi. Jiki Magayi kuwa cikin zuciyar mutum ya shiga. Mai kuɗi ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainab, shi kuma ya bazama neman asirin ramuwa. Ɗan da aka haifa, Kyauta, ya tashi ɓarawo, har ya zama ajalin mahaifinsa. Mai karatu ya san wanda ya yi asirin tun farko. Abin da ke riƙe shi shi ne ganin yadda ƙiyayya ke cin mai ita.

Sai a 1982, da gasar Hukumar Al'adu ta Tarayya, aka ga labarin laifi irin na zamani sosai. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya tona duniyar 'yan fasa-ƙwauri da masu ɗaure musu gindi. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare ya nuna abin da makami da tashin hankali ke haifarwa bayan yaƙin basasa. Duk wanda ya karanta shi yau, wallahi sai jikinsa ya yi sanyi, don kamar labarin dazuzzukanmu yake bayarwa.

Daga nan Adabin Kasuwar Kano ya zo, soyayya da rikicin gidan aure suka mamaye kasuwa. Ban raina su ba, don Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat ma nazarin zuciya ne. Irin su Nazir Adam Salih kuma sun riƙe layin ban tsoro da sarƙaƙiya.

To ga inda nake son zuwa. Mu nan Fakku, da sauran ƙauyukan Kebbe da Tambuwal, babban abin da ke cin ran mutane a zamanin 'yan bindiga ya wuce ƙarar harsashi. Zargi ne. Wa ya gaya musu wane ya sayar da shanu? Wa ya nuna gidan? Kalmar infoma ta shiga tsakanin maƙwabci da maƙwabci, har mutum ya rage murya a majalisar da ya girma cikinta. Wani lokaci zargin kan faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba, kuma ba a iya mayar da rai.

Wannan fa shi ne ainihin kayan aikin marubuci. Rahoton labarai adadi kawai yake ba mu. Littafi ne zai iya shiga zuciyar yaron da ya sayar da garinsu, da ta uwar da ta gane amma ta kasa faɗa, da ta wanda aka yi wa ƙazafi.

Marubutanmu na Sakkwato, musamman matasa masu rubutu a waya, ku kuka san wannan tsoron daga ciki. In ba ku rubuta shi ba, wanda bai taɓa kwana cikinsa ba ne zai rubuta mana.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya. Wa ya karanta Ƙarshen Alewa Ƙasa a cikinku?