Asalin Harafin "s" Na Ƙarshen Aikatau

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, duk wanda ya zauna ajin Turanci ya san dokar nan: "he goes", amma "they go". Masana nahawu suna kiranta jituwar aikau da aikatau, kuma har yau tana kayar da ƙannenmu a jarrabawar WAEC. Abin da ba a gaya mana ba shi ne, wannan "s" asalinsa karin harshen mutanen arewacin Ingila ne.

A da, mutanen Landan "goeth" suke cewa. Shi "s" ya fara bayyana ne a rubutun arewa na ƙarni na 10, musamman a fassarar da wani malamin coci mai suna Aldred ya rubuta tsakanin layukan Linjilar Lindisfarne. Marubuci Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya sa shi a bakin wasu ɗalibai biyu 'yan arewa cikin wani labarinsa don a ji baƙi ne, tamkar yadda ɗan wasan kwaikwayo a Kano zai kwaikwayi Sakkwatanci. Sannu a hankali maganar baƙi ta cinye birni. Shakespeare ya yi amfani da duka biyun. Baibul na Sarki James na 1611 ya riƙe tsohuwar hanya, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Labarin "you were" ya fi ba ni sha'awa. Da can "thou" ne na mutum ɗaya, "you" kuwa na jam'i, sai aka riƙa faɗa wa manya "you" don girmamawa, kamar yadda muke ce wa dattijo "ku". Da "thou" ya ɓace, masu ilmi da dama a ƙarni na 18 suka koma rubuta "you was" in mutum ɗaya ake nufi. A ganina sun yi dabara, domin Bahaushe ma yana bambanta "ka zo" da "kun zo". To, amma a 1762 Robert Lowth, wanda daga baya ya zama Bishop na Landan, ya soki wannan a littafinsa na nahawu. Littafin Lindley Murray na 1795 ya bi sahunsa, ya bazu a makarantu, dokar kuma ta biyo Turawan mulkin mallaka har ajinmu.

Har yanzu ba a gama shari'ar ba. Baturen Ingila yana iya rubuta "the committee have", Ba'amurke kuwa ya fi son "has". Saboda haka in ƙaramin ma'aikaci ya kawo mini takarda a ofis, duk wadda ya zaɓa ina barinsa, muddin bai canza ta a shafi na biyu ba.