Daga Raina Kama zuwa WhatsApp: Yadda Marubuta Suka Koyi Talla

A shekarun 1980, da manyan kamfanonin buga littattafai suka juya wa ƙananan marubuta baya, sai matasan Kano suka fara buga nasu da kuɗin aljihunsu. Buga littafi bai kai sayar da shi wuya ba, shi ya sa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, wadda Ado Ahmad Gidan Dabino ya jagoranta, suka ɗauki talla da muhimmanci. A cikin littafin marubuci ɗaya za ka tarar da sunayen littattafan 'yan ƙungiya, kowa yana jawo wa ɗan'uwansa kasuwa.

Babbar dabarar kuwa ita ce raba labari kashi-kashi. A tsaya daidai inda ran mai karatu ya rataya, dole ya koma ya nemi na biyu. Gidajen rediyo ma sun taimaka, domin wanda ya saurari labari ana karantawa shi ne gobe yake cigiyarsa a kasuwa, har a Maraɗi da Damagaram.

Yau marubuciya kan saki shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Wattpad, ragowar sai an biya. Masu karatu a nan Nijar kan biya da katin waya, tunda asusun bankin a Najeriya yake. A ganina, abin da aka rasa shi ne haɗin kan nan na da. Kowa da zaurenta, kuma idan wata ta fitar da shafukan kuɗi kyauta, marubuciyar ita kaɗai take kuka. Da OkadaBooks ya rufe a 2023, waɗanda suka dogara da shi kaɗai sai da suka sake neman masu karatunsu.