Ɗaukar kaya mai nauyi a masana'anta: yadda ake kare baya

Buhun siminti, irin wanda ake yi a Malbaza cikin jihar Tawa, nauyinsa kilo 50 ne. Buhun gero ko na masara kuwa yakan kai kilo 100. Ma'aikaci ko ɗan dako yana ɗaga irin waɗannan buhuna sau da yawa a wuni, kuma wurin da ya fi shan wuya a jikinsa shi ne ƙasan baya, daidai ƙugu.

Ƙashin baya ba ƙashi ɗaya ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne jere, ɗaya bisa ɗaya, 5 daga cikinsu a ƙugu. Tsakaninsu akwai guringuntsi mai taushi kamar matashi. Idan mutum ya sunkuya da miƙaƙƙun ƙafafu ya ciccibi buhu, nauyin buhun da na ƙirjinsa duka suna danne wannan guringuntsi. Idan ya murɗa ƙugu da kayan a hannu, dannewar ta ƙaru. Wata rana guringuntsin yana iya bulluƙowa ya matse jijiya, sai zafi ya sauka daga ɗuwawu har ƙafa. Sau da yawa ba buhu ɗaya ne ke jawo wannan ba, tarin ɗagawa ne na watanni da shekaru. Yunƙuri mai tsanani kuma yana iya fito da ƙaba ga wanda fatar cikinsa take da rauni.

Kafin ka ɗaga kaya, ka ɗan motsa shi don ka ji nauyinsa, ka duba ko hanya tana da santsi ko tarkace. Ka matso kusa da shi, ka buɗe ƙafafu, ka lanƙwasa gwiwoyi, baya a miƙe. Ka rungume kayan a jikinka, ka tashi a hankali da ƙarfin cinyoyi, ba da fizga ba. Kayan da ya yi nesa da jiki ya fi wahalar da baya, ko da nauyinsa bai canza ba. In za ka juya, ka juya da ƙafafu. Wajen saukewa ma haka, kuma ka kula da yatsu.

Buhun kilo 100 ba kayan mutum ɗaya ba ne, ko da an saba ganin ana ɗaukarsa a ka. A shekarar 1967, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada namiji baligi ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55 shi kaɗai, na mata da matasa kuma ya yi ƙasa da haka sosai. Masana na yanzu suna ganin ko kilo 55 ɗin ya yi yawa ga mai ɗagawa duk wuni. Saboda haka a kama kayan mutum biyu, ɗaya yana ba da murya a tashi tare, ko a sa kura ko amalanke. Samar da waɗannan kayan aiki, da takalma masu ƙarfi, da ruwan sha, da lokacin hutu, nauyi ne a wuyan mai masana'anta. Ɗamarar da wasu ke ɗaurawa a ƙugu ba ta hana rauni.

Akwai masu shan tramol don su jure aiki. Ƙwayar ba ta ƙara wa baya ƙarfi. Ɓoye zafi take yi, alhali zafin shi ne gargaɗin jiki. Tana kama mutum har ya kasa bari, kuma yawanta yana jawo farfaɗiya.

Yawancin ciwon baya yana sauƙi cikin ƴan makonni. Doguwar kwanciya ba ta taimakawa. Gara a riƙa tafiya kaɗan-kaɗan, a dakata da ɗaukar nauyi. Amma idan ƙafa ta yi sanyi ko ta rasa ƙarfi, ko mutum ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida, a kai shi asibiti a ranar. Duk raunin da aka samu a bakin aiki, a sanar da shugaban aiki nan take, a kuma karɓi takardar likita. Ma'aikacin da aka yi wa rajista a asusun CNSS yana da haƙƙin magani da diyya, kuma da waɗannan takardu ne ake neman su.