Daga Saƙon Baka Zuwa Wayar Aljihu: Alhaji Da Labarin Gida

Duk wanda ya yi wayo kafin shigowar wayar salula ya san irin zaman da gida kan yi bayan an raka maniyyaci filin jirgi. Daga ranar nan sai shiru. Ba a san ya sauka lafiya ba, ba a san inda ya kwana ba, sai dai a yi ta addu'a ana ƙirga kwanaki. Bahaushe ya ce rashin sani ya fi dare duhu, to a cikin wannan duhu kakanninmu suka yi ta sallamar 'yan'uwansu zuwa Gabas shekara da shekaru.

A zamanin tafiyar ƙasa abin ya fi haka tsanani. Mutum kan bi ta Barno, ya ratsa Wadai da Darfur, ya yada zango ya yi noma ko ƙodago don neman guzuri, kafin ya kai Sawakin a bakin Bahar Maliya ya hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar kan ci shekaru. Gidan wayarsa kuwa shi ne duk wani mai komawa gida da suka yi kiciɓis a hanya. In malami ne ya rubuta 'yar takarda da ajami ko Larabci, in ba haka ba sai saƙon baka: a gaya wa mutanen gidan wane an gan shi a wuri kaza yana raye. Kafin saƙon ya iso, watakila mai shi ya yi shekara a kabari. Da yawa ma ba su komo ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, jama'ar da suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, sun kafa gari a bakin Nilu a Sudan, zuriyarsu na can har yau.

Kada mu ɗauka wannan shiru abin kewa ne kawai. Matar da mijinta ya yi ɓatan dabo tana nan rataye, ba ta ga tsuntsu ba ta ga tarko. A mazhabar Malikiyya sai ta kai ƙara gaban alƙali, a bincika, ta jira shekara 4, sannan ta yi takaba. Gado ma haka yake tsayawa. Watau takarda guda mai layi uku tana iya raba gardamar da ta hana gida barci.

Zuwan Turawa ya kawo wayar tangaraho, wadda ta haɗa Ikko da Landan tun 1886, daga baya aka ja ta zuwa Arewa. Daga sunan wannan zaren ƙarfe muka sami kalmar waya, shi ya sa har gobe wurin da ake sayar da kan sarki muke ce masa gidan waya, ko da wasiƙa muka je jefawa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, jirgin sama ya fara sauka a 1925, ga kuma yarjejeniyar gidajen waya ta duniya da aka ƙulla a Bern tun 1874, wadda ta sa kan sarkin ƙasa guda ke kai wasiƙa wata ƙasa ba tare da an sake biya ba. Amma fa talaka bai ci moriyar abin nan da nan ba. Tangaraho da kalma ake biya, saboda haka sai mutuwa ko wani babban al'amari. Wasiƙa kuma tana bukatar adireshi da boko, alhali yawancin alhazai ajami suka iya, ƙauyensu kuma ba akwatin gidan waya. Dabarar ita ce a rubuta ta hannun hedimasta ko ofishin hakimi. Mu da muka yi firamare a irin waɗannan garuruwa mun sha a kira mu zaure mu karanta wa dattawa wasiƙa, a ba mu tukwicin dabino. Sau da dama ma alhajin kan riga wasiƙarsa isowa gida, har ya zauna a cikin masu sauraro yana gyara mana karatu.

A ganinmu, kaset ne ya fi komai dacewa da halin Bahaushe. Ba ya bukatar ilimin boko, ba ya bukatar mai fassara ya san asirin gida. Mutanenmu mazauna Makka da Jidda, waɗanda ake kira Takari, su suka fi amfani da shi. Mutum ya shige ɗaki ya danna rikoda, ya yi sallama, ya gai da kowa da sunansa tun daga tsohuwa har jariri, ya ba da labarin tsadar abinci da zafin rana, ya faɗi yadda za a raba tsaraba, wani lokaci ya yi kuka. Sai ya damƙa wa alhajin garinsu. A gida kuwa a shimfiɗa tabarma bayan sallar isha'i, a nemo batir, a saurara, a juya, a sake saurara. Washegari a ɗauki amsa a wani kaset ɗin, a jira wanda zai tafi Umra.

Tarho na nan, amma na 'yan ƙalilan ne. An kafa NITEL a 1985, duk da haka har zuwa 2001 layukan da ke aiki a duk Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. Alhaji kan bi layi a rumfar waya a can, ya danna 234, ya kira gidan wani attajiri a unguwa ya roƙi a kirawo masa iyali, zai sake bugowa bayan la'asar. La'asar ɗin wa? Saudiyya na gabanmu da awa 2, an sha yin saɓani a kan haka. Ranar da ƙarancin waya ya fi ciwo ita ce 11 ga Yuli, 1991, da jirgin alhazai mai zuwa Sakkwato ya faɗi a Jidda, mutum 261 suka rasu. Ba wanda zai kira, ba inda za a kira, kowa ya rungumi rediyo yana jiran sunaye.

Daga Agustan 2001, da wayar salula ta shigo, sai abin ya juye. Shagunan intanet sun yi ɗan tashe, amma ɗalibai suka fi amfana. Yanzu da saukar alhaji sai ya sayi layin can, ya turo murya da hoto ta WhatsApp daga Arfa. Sai dai sauri bai kashe fargaba ba. A turmutsutsun Mina na 24 ga Satumba, 2015, inda muka rasa jama'a da dama har da 'yar jarida Hajiya Bilkisu Yusuf, wayoyi sun yi ta ringi ba mai ɗauka, wannan kuwa wani irin shiru ne da kakanninmu ba su sani ba.

Mu marubuta abin ya shafe mu ta fuska biyu. Labarai irin su Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, inda uwa ta ratsa sahara neman ɗanta, rashin labari ne ƙashin bayansu. Wanda zai rubuta irinsu a yau sai ya fara bayanin yadda aka yi wayar ta ɓace. Ta biyun ta fi damunmu. Wasiƙa tana kwana a adaka shekara 50, jika ya buɗe ya ga hannun kakansa. Saƙon murya kuwa, da an sace waya ko ta faɗa rijiya, ya tafi. A gidanmu akwai wasiƙu biyu na ajami da kaset guda da wata gwaggonmu ta aiko daga Makka. Wasiƙun mun karanta su. Kaset ɗin yau shekara uku muna cigiyar rikodar da za ta juya shi.