Abin Da Fasta Ta Nuna Da Abin Da Ta Ɓoye

Idan muka koma Amurka ta farkon ƙarni na 20, za mu tarar ba rediyo a gidaje, balle talabijin. Bayan jarida, takardar da aka manna a bango ita ce mai shela. A wannan zamani ne fastocin wasannin jami'o'i suka yi tashe. Wajen shekarar 1902 masu zane irin su Bristow Adams da John Sheridan suka fitar da jerin fastoci na jami'o'i kamar Harvard da Yale da Princeton, ɗalibai kuwa suka riƙa saye suna ƙawata ɗakunansu.

Abin da ya fi jan hankalinmu a wannan aiki shi ne rashin tarkace. A lokacin da dutse ake bugu, kowane launi da nasa dutsen, saboda haka yawan launi yawan kuɗi. Sai mai zane ya tsaya a kan launi uku ko huɗu. Saurayi ɗaya ne tal, ko ya rungume ƙwallo ko ya riƙe filafilin tseren kwale-kwale, sai sunan makaranta. Launin rigarsa ya isa bayani: ja mai duhu na Harvard ne, shuɗi na Yale, ruwan lemo da baƙi na Princeton. Tun daga nesa mutum ya san tasu.

Amma fa kyan ɗan maciji ne. Saurayin cikin fasta tsaf yake, ba ko ƙwarzane, alhali ƙwallon ƙafa irin na Amurka a lokacin kusan yaƙi ne. A shekarar 1905 kaɗai, 'yan wasa aƙalla 18 suka mutu a makarantu da jami'o'i. A watan Oktoban shekarar, Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan waɗannan jami'o'i uku fadarsa domin a rage ta'asar. A 1906 aka gyara dokokin wasan, aka halatta jefa ƙwallo gaba domin a rage turmutsitsi.

Ko ɗaya cikin wannan ba mu gani a fastocin ba. Yau da dama daga cikinsu suna ajiye a Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka. In mun dube su, mu yaba wa hannun da ya faɗi abu mai yawa da layi kaɗan, sannan mu tuna da samarin da aka fitar daga fili ranga-ranga, waɗanda ba wanda ya zana.